Makaranta Ke Kiwo, Lig Ke Tatsa? Amsa Kan Rububin Yaran Zari-Ruga a Ostireliya

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya game da ɗan ƙanwarsa da ke zaune da iyayensa a yammacin birnin Sydney. Yaron shekararsa 15, Allah ya hore masa jiki da gudu, kuma tun yana firamare yake buga zari-ruga. Yanzu wata babbar makarantar kuɗi ta ce ya zo, za ta sassauta wa iyayensa kuɗin makaranta, shi kuma ya buga mata zari-ruga irin ta mutum 15, wadda ake kira Yuniyan. A cikin makon kuma wani kulob na irin ta mutum 13, wato Lig, ya aiko wakili har falo da takarda a hannu. Mai tambaya ya ce: "Wai rububin me ake yi a kan yaron da ko gashin baki bai tsiro masa ba? Kuma da gaske ne makarantu ke wahalar raino, Lig ta zo ta kwashe?"

Ɗan'uwa, rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa kuka ne da masu Yuniyan suka saba yi don kada a waiwayi nasu laifin. Na daɗe ina tsayuwar bakin fili ranar Asabar a ƙasar nan, na riƙe wa yara gorar ruwa, na taya koci horo, na kuma zauna da iyaye irin ƙanwarka, takarda na gabansu sun rasa ta cewa. Bari in warware maka zare da abawa.

Da yawa a gida in sun ga ƙatti na kokawa da ƙwallo mai siffar ƙwai a talabijin, ɗauka suke wasa ɗaya ne. Uwa ɗaya ce ta haife su, amma sun raba gari tun 1895. A watan Agustan shekarar ne kulob 22 na arewacin Ingila suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle. Dalili? 'Yan wasansu leburorin ma'adinai ne da ma'aikatan masaƙa, in mutum ya bar aiki ranar Asabar ya je wasa, an yanke masa kuɗin yini. Kulob-kulob suka ce a bar su su biya shi ladan yinin da ya rasa, abin da bai wuce sule 6 ba. Manyan da ke riƙe da wasan a Landan, 'ya'yan masu hali da suka fito daga makarantun kwana, suka ce atafau, zari-ruga wasan mutunci ne, ba a karɓar kwabo a kansa. Daga nan 'yan arewa suka kama gabansu, suka rage 'yan wasa zuwa 13 a 1906, suka yi ta sauƙaƙa dokoki don mai sayen tikiti ya ga gudu da karo. A Lig, in an kayar da ku sau 6 ba ku yi komai ba, kun ba da ƙwallo. A Yuniyan babu wannan lissafi: duk inda aka kayar da mutum sabuwar kokawa ce a kan ƙwallon, ga turereniyar mutum 8 da 8, ga jifa daga gefe inda ake ɗaga dogo sama ya cafe. Yuniyan ba ta yarda a biya ɗan wasa a fili ba sai 1995, shekara 100 cif bayan rabuwar.

Na kawo wannan tarihi ne saboda rigimar da ke falon ƙanwarka ita ce dai ta otal ɗin George: wa zai biya ɗan talaka, kuma yaushe.

A Ostireliya Lig ta shigo a 1907 zuwa 1908, ta fara da sace tauraron Yuniyan na lokacin, Dally Messenger, wanda har yau da sunansa ake ba da kyautar gwarzon shekara, Dally M, a gasar NRL, babbar gasar Lig ta ƙasar. A 1909 ta sake kwashe da yawa cikin tawagar ƙasa ta Yuniyan, wato Wallabies, da ta ciyo zinare a wasannin Olamfik na 1908. A jihar Queensland ma Yuniyan mutuwa ta yi murus na kusan shekara 10 bayan yaƙin duniya na farko. Lig ta mamaye unguwannin ma'aikata, garuruwan karkara, makarantun gwamnati da yawancin makarantun Katolika na talakawa. Yuniyan ta ja da baya ta fake a inda ba a buƙatar albashi: jami'o'i da manyan makarantun kuɗi. A Sydney su ne ƙungiyar wasannin makarantu ta GPS da aka kafa a 1892, irin su King's, Scots, Newington, Shore, Riverview da St Joseph's ta Hunters Hill, wadda kowa ke ce wa Joeys. Akwai kuma rukunin CAS, su Knox, Barker da Waverley. A Brisbane da kewaye akwai Nudgee, Churchie, Gregory Terrace, Southport, Ipswich Grammar da sauransu.

Gani ya kori ji. In ka halarci wasan Joeys da Riverview, za ka rantse zari-ruga ta 'yan 15 ce ke mulkin ƙasar. Dubban mutane, ɗalibai cikin kwat iri ɗaya suna rera waƙar makaranta da murya guda, tsofaffin ɗalibai masu furfura sun zo da motocin alfarma, ciyawa kamar darduma. Tun safe ake buga wasanni, kowane aji na da ƙungiyoyi bi da bi, daga gwanaye har waɗanda aka sa don dole, sai da la'asar 'yan 15 na farko su fito. Waɗannan yara na da kocin ƙarfi, da mai duba bidiyon wasa, da likitan gaɓoɓi, abin da kulob ɗin manya da yawa ba su da shi. Kuɗin ajin ƙarshe a wasu makarantun ya haura dalar Ostireliya dubu 40 a shekara, ban da kwana.

Matsalar ita ce wannan gida ƙofarsa ta gaba ta sarki ce, ta baya kuwa kango take kallo. Yaro ya gama aji 12 yana da shekara 17 ko 18. Jiya mutum dubbai na kiran sunansa. Yau ina zai nufa? In ba ya cikin ƙalilan da makarantar horon Waratahs ko Reds, kulob ɗin ƙwararru na Yuniyan a Sydney da Brisbane, ta ɗauka, sai ya tafi kulob ɗin unguwa a gasar Shute Shield ta Sydney ko Hospital Cup ta Brisbane, ya buga wa 'yan ƙasa da 20, horo da daddare bayan aiki ko lacca, kusan a kyauta. An yi ƙoƙarin gina matakala a tsakani. An kafa wata gasar ƙasa a 2007, ta yi kaka ɗaya ta mutu. Aka sake kafa wata mai suna NRC a 2014, ita ma ba ta wuce 2019 ba. Kulob ɗin ƙwararru na Yuniyan a ƙasar kuma, tun da aka rufe Melbourne Rebels a 2024, saura 4: Waratahs, Reds, Brumbies da Western Force.

To dubi ɗaya ɓangaren. NRL na da kulob 17 tun shigowar Dolphins a 2023, an kuma amince da ƙarin biyu, na Perth a 2027 da na Papua New Guinea a 2028. Kowane kulob na da manyan 'yan wasa 30 masu cikakken kwantiragi, ka ga gurbi 510 ke nan kafin a ƙirga yaran da ake rainonsu a ƙasa. Mafi ƙarancin albashin wanda ke cikin 30 ɗin nan ya haura dala dubu 100 a shekara. Asalin bambancin daga talabijin yake: cinikin nuna wasannin NRL na kawo wajen dala miliyan 400 a shekara, alhali yarjejeniyar da hukumar Rugby Australia ta ƙulla da kafofin talabijin na Nine da Stan daga 2021 dala miliyan 100 ce a shekara 3, wato wajen miliyan 33 a shekara. Mai buhu 12 da mai buhu ɗaya ba za su yi takarar sayen rago a kasuwa ɗaya ba.

Amma kuɗi ba shi ne kaɗai ba, kuma nan ne nake so ka natsu. Lig na da tsani wanda yaro ke ganin kowane mataki da idonsa. A New South Wales akwai Kofin Harold Matthews na 'yan ƙasa da 17, sai SG Ball na ƙasa da 19, sai Jersey Flegg na ƙasa da 21, sai ƙungiyar ajiya, sai NRL. A Queensland akwai Cyril Connell da Mal Meninga. A matakan New South Wales ɗin rigar kulob ɗin yake sawa, irin wadda gwarzonsa ke sawa a talabijin daren Juma'a. Yaro ɗan 15 da aka miƙa wa jakar kulob ɗin NRL irin su Roosters ko Panthers mai ɗauke da riga da takalmi, wallahi ko ba a ba shi sisi ba an gama da zuciyarsa. Sannan ga wata dabara ta kalanda: waɗannan gasanni na yara ana buga su ne daga Fabrairu zuwa wajen ƙarshen Afrilu, su kuwa manyan wasannin makarantu sai sanyin kudancin duniya ya kankama. Don haka yaro na iya buga Lig da farkon shekara, ya sauya riga ya buga wa makaranta Yuniyan a tsakiyarta. Mai farautar 'yan wasa ba ya buƙatar shiga daji. Kujera kawai zai samu a filin King's ko Nudgee ranar Asabar, ya sayi shayi, ya buɗe littafinsa. Makaranta ta tara masa gwanayen, ta ciyar da su, ta ɗaga musu ƙarfe shekara 3. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Misalai ba su ƙirguwa. Tawagar ɗaliban Ostireliya ta 1977 zuwa 1978, wadda ta zaga Turai ba a doke ta ko sau ɗaya ba, a cikinta akwai Wally Lewis na Brisbane State High. Lig ya koma, ya zama sarkin gasar State of Origin, karawar jihohin Queensland da New South Wales, har yau Sarki ake kiransa a Queensland. Michael O'Connor na wannan tawaga ya buga wa Wallabies tukuna, daga baya shi ma ya tsallaka. A zamaninmu, ƙungiyar Churchie ta 2014 ta ƙunshi Kalyn Ponga, Jaydn Su'A da Brodie Croft, duk suka tafi NRL, Ponga har ya ci kyautar Dally M a 2023. Angus Crichton daga Scots ya fito, ya sa rigar ɗaliban ƙasa ta Yuniyan, South Sydney ta ɗauke shi. Cameron Murray da Tolutau Koula 'yan Newington ne. Sam Walker ɗan Ipswich Grammar ne.

Wanda ya fi nuna tsadar abin shi ne Joseph Sua'ali'i. Ɗalibin King's ne, ya buga wa tawagar ƙasa ta 'yan ƙasa da 18 a Yuniyan yana da shekara 16. Aka yi ta ja-in-ja a kansa, Roosters suka yi nasara, har NRL ta ɗage masa dokar shekara 18 ya fara buga wasan manya a 2021 yana ɗan 17. A Maris 2023 Rugby Australia ta sayo shi a kan abin da jaridu suka ce ya kai dala miliyan 1.6 a shekara. Wasansa na farko na ƙwararru a Yuniyan shi ne na Wallabies da Ingila a Twickenham, Nuwamba 2024. Ostireliya ta ci 42 da 37, aka ba shi gwarzon wasa. Wanda ya dangwala ƙwallon nasara bayan lokaci ya cika kuwa Max Jorgensen ne, ɗan Joeys, wanda shi ma Roosters suka nema amma Yuniyan ta riƙe shi tun yana barin makaranta. A fili ɗaya, rana ɗaya, ga wanda aka riƙe da wuri, ga wanda aka sake sannan aka fanso da kuɗin da zai ɗauki nauyin yara da dama. Ba na cewa Sua'ali'i bai cancanta ba, ya nuna kansa. Ina dai cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma masu Yuniyan sun shahara da hakan. Haka suka yi kafin gasar cin kofin duniya ta 2003, suka sayo Wendell Sailor, Mat Rogers da Lote Tuqiri daga Lig.

Yanzu ga rabin da ba gaskiya ba. In ka bi asalin yawancin yaran nan da ake cewa "an sace", za ka tarar 'yan Lig ne tun fil azal. Sua'ali'i a yankin Penrith ya tashi, a kulob ɗin yara na Lig ya koyi wasa. Mahaifin Cameron Murray ya buga wa South Sydney, shi ma a yaran kulob ɗin ya girma. Ponga ya riga ya sa hannu da North Queensland Cowboys yana ɗan 15. Makarantun ne suka je suka ɗauko su don su ci kofin GPS, da sunan tallafin marasa hali ko wani suna mai daɗin ji, tunda a takarda ƙungiyar GPS ta Sydney ba ta yarda da ba da gurbi saboda wasa kaɗai ba. Wani lokacin ma kulob ɗin Lig ne ke taimakawa da kuɗin makarantar yaron da ya riga ya ɗaure. Wato aro aka yi, mai abu ya zo ya karɓi abinsa. Shugaban makaranta bai yi asara ba, kofinsa na cikin kabad. Aikinsa ba gina Wallabies ba ne, aikinsa ya faranta wa iyaye da tsofaffin ɗalibai masu ba da gudummawa. Wanda ya yi asara shi ne yaron da ya shekara 5 yana jiran riga mai lamba 12, aka kawo baƙo a aji 11 aka zaunar da shi a benci, ya gama makaranta ya jefar da takalmin. Na ga irin wannan da idona a wata makaranta, kuma yaron da aka zaunar, da an ba shi shekara 2, da ya yi nisa.

Asarar Yuniyan ta gaske ba a filin King's take faruwa ba. A unguwar su ƙanwarka take faruwa, inda Yuniyan ba ta ma zuwa. A tawagar 1977 ɗin nan da na ambata, taurarin su ne 'yan gidan Ella, Mark, Glen da Gary, 'yan asalin ƙasar daga La Perouse, ɗaliban Matraville High, makarantar gwamnati. Mark Ella ya zama kyaftin ɗin Wallabies, a rangadin 1984 ya ci tirai, wato ya dangwala ƙwallo a bayan layin abokan karawa, a kowane wasa cikin huɗun da suka doke Ingila, Ayalan, Wales da Sikotilan. Eddie Jones, tsohon kocin Wallabies, shi ma a Matraville ya yi karatu. Yau makarantun gwamnati masu ƙarfin wasa, irin su Westfields a Sydney, ko Keebra Park da Palm Beach Currumbin a Gold Coast, da Lig aka fi sanin su. Keebra Park ce ta fitar da Benji Marshall, Payne Haas da Reece Walsh. Yammacin Sydney kuwa cike yake da iyalai daga Samowa, Tonga da Fiji, mutanen da a ƙasashensu Yuniyan ce ke gaba. Amma kusan rabin 'yan wasan NRL a yau jinin waɗannan tsibirai ne ko Maori. Dubi Penrith kawai: an cire kulob ɗin Yuniyan na garin, Emus, daga gasar Shute Shield a 2018, aka maido shi, aka sake cire shi a 2021. A wannan shekarar ce Panthers na Lig suka fara jerin kofuna 4 a jere har 2024, da yaran unguwa irin su Jarome Luai da Brian To'o. Gari ɗaya, yara ɗaya. Wani ya rufe shagonsa, wani ya buɗe reshe. In an ga Wallabies ba su riƙe Kofin Bledisloe, wanda suke takara a kai da Niyu Zilan, ba tun 2002, ko an fitar da su a zagayen rukuni na gasar cin kofin duniya a Faransa a 2023 bayan Wales ta lallasa su 40 da 6, ruwa ba ya tsami banza.

Akwai abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba: Lig ba kowane jiki take so ba. Gajeren ƙato mai wuya kamar turmi, wanda Yuniyan ke buƙata a gaban turereniya, ba shi da aiki a Lig, don can turereniyar suna ce kawai, kuma ba a daina komawa baya mita 10 ana dawowa. Dogo mai mita 2 da ake ɗagawa a jifan gefe, shi ma da wuya. Abin da Lig ke farauta shi ne mai tsaka-tsakin tsawo, mai ƙarfi, mai gudu, mai son karo: masu lamba 6, 7 da 8, da 'yan baya daga 9 zuwa 15. Shi ya sa Yuniyan ke iya riƙe ƙattinta na gaba amma masu sa 'yan kallo su miƙe tsaye su ke zubewa. Haka kuma ɗan baya na iya tsallakawa ya dawo, kamar yadda Israel Folau da Sonny Bill Williams suka shigo daga Lig, ko Mark Nawaqanitawase da ya bar Wallabies ya tafi Roosters a 2024. Amma ɗan gaba da ya bar Yuniyan yana 16 ya rasa shekarun koyon turereniya, kuma wannan sana'a ce da ba a koyonta da girma. Brad Thorn ya yi, ya ci kofin duniya da All Blacks, tawagar ƙasa ta Niyu Zilan, a 2011, sai dai irinsa ba a haifa kullum.

A Niyu Zilan labarin ya ɗan bambanta, domin can baƙar rigar All Blacks na da nauyin da kuɗi ba sa saurin ɗagawa, kuma makarantun gwamnati ma Yuniyan suke bugawa. Duk da haka Auckland ta zama kasuwar kulob-kulob na Ostireliya. Roger Tuivasa-Sheck ya buga wa ɗaliban ƙasar Yuniyan daga Otahuhu College, Roosters suka ɗauke shi, ya zama gwarzon Dally M a 2018, ya dawo Yuniyan a 2022 ya sa baƙar riga, sannan ya sake komawa Warriors, kulob ɗin NRL na Auckland. Nelson Asofa-Solomona daga Wellington College ya tafi Melbourne Storm. Ngani Laumape ya tafi Warriors ya dawo ya zama ɗan All Blacks. Darasin da ya fi shafar ku shi ne na Etene Nanai-Seturo: ya sa hannu da Warriors na shekara 5 yana ɗan 15, da ya girma zuciyarsa ta koma Yuniyan, sai da aka yi ta kai ruwa rana da lauyoyi a 2018 kafin a sasanta. Su ma makarantun can ba waliyyai ba ne. A ƙarshen 2018 makarantu 10 na gasar 1A ta Auckland suka ce ba za su buga da St Kentigern ba saboda kwashe 'yan wasan wasu makarantu, daga baya kuma shugabanninsu suka hana nuna wasannin kai tsaye a talabijin daga 2023, suna cewa ana ɗora wa yara nauyin ƙwararru. Ana cikin haka Warriors suka shiga Kofin Harold Matthews a 2024 suka cinye shi a karon farko, wanda ke nufin yaron Auckland ba sai ya bar gaban uwarsa ba kafin ya hau tsanin Lig.

A Ingila, abin mamaki, ruwan juyawa yake: Owen Farrell da George Ford 'ya'yan gidajen Lig ne na arewa da Yuniyan ta janye, don can ita ce mai kuɗin. A Afirka ta Kudu kuwa babu wannan takara kwata-kwata, abokan hamayyar makarantu irin su Grey College kulob-kulob ne na Faransa da Japan.

To me za a yi da yaronku? Ra'ayina zan faɗa, ba wahayi ba ne.

Kwantiragin ɗan shekara 15 yawanci ba kuɗin kirki ba ne: 'yan kuɗin kashewa, kayan sawa, horo, da alƙawarin "muna tare da kai". Abin da kulob ke saya da shi shi ne kada maƙwabcinsa ya riga shi. Kulob ɗaya na iya ɗaure yara da yawa a shekara, ya san sarai ƙalilan ne za su kai gaci. Gwanin 15 sau da yawa wanda ya riga tsaransa balaga ne kawai, a 19 sun kamo shi sun wuce. Gurbin makaranta kuwa, in na shekara 3 ne cikakku, darajarsa na iya wuce dala dubu 100, kuma ko gwiwa ta tsinke takardar kammala karatu da abokan da ya yi suna nan. Saboda haka ni na fi karkata ga makarantar, da sharaɗi. A rubuta a takarda cewa rangwamen ba zai tashi ba in ya ji rauni ko an sauke shi daga 'yan 15 na farko. A tambaya ko za su bar shi ya buga Harold Matthews da farkon shekara, don wasu makarantun na bari, wasu na ƙyashi. Sannan yawancin waɗannan makarantu na coci ne: King's ta Angilika ce, Scots ta Firesbiteriya, Joeys da Riverview na Katolika. In yaron Musulmi ne, a yi maganar sallah, Juma'a, abincin halal da azumi tun kafin a biya kuɗin yunifom, musamman in kwana zai yi. Ta wannan fuska Lig ta fi sabawa da mu, tun zamanin Hazem El Masri a Bulldogs zuwa Payne Haas a yau, kuma a can yaron a gidansu zai kwana. Kada kuma a raina nisan da ke tsakanin yammacin Sydney da waɗancan makarantu, ba na kilomita kaɗai ba. Yaron da ya shiga cikin 'ya'yan lauyoyi da manyan manoma a aji 10, kowa ya san ƙafarsa ce ta kawo shi, yana buƙatar zuciya da kuma gida mai tambayarsa yadda yake.

In kuwa hankalin iyaye ya fi kwanciya da kulob, kada a sa hannu a ranar da aka kawo takarda, komai daɗin bakin wakili. A kai wa lauyan da ba dillalin 'yan wasa ne ya nuna shi ba. A nemi gajeren wa'adi, shekara ɗaya ko 2, a duba ko akwai sakin layin da ya hana shi buga Yuniyan ko ya ba kulob ikon tsawaitawa shi kaɗai, a kuma duba wa zai biya asibiti. Dillalin da ya fara zuwa da kyautar takalmi, shi ma takardarsa daban ce, kuma takan fi ta kulob wuyar warwarewa. Kowane ɓangare aka bi, a tambayi kwana nawa suke ajiye yaro in ya bugu a ka. In koci ya ce "ai jarumi ne, zai iya Asabar mai zuwa", a ɗauke yaro daga hannunsa.

Kafin duk wannan, ka kira ƙanwarka ka tambaye ta abu 3: tsawon yaron, nauyinsa, da lambar da ke bayan rigarsa. In 1, 3, 4 ko 5 ce, wato lambobin ƙattin gaba, wakilin Lig ma ba zai daɗe yana zarya ba, a kai shi makaranta. In 12 ce ko 15, ka gaya mata ta ƙaro kofunan shayi, baƙin ba su gama zuwa ba.